Yadda Za Ka Kashe Ƙudan Zumarka Har Da Na Maƙwabci

Kai mai kiwon zuma, saurara. Hanyar nan ba ta kuskure. Ka bi ta, kafin kaka ba za ka sami ƙuda ko ɗaya a akwatinka ba, kuma girmanka na nan yadda yake. Na ga an gwada. Talle, taubashina na Ƙofar Kwaya, shi ya gwada a gonarmu ta gado, inda akwatunansa ke jere da nawa a gindin ɗorawa guda.

1. Kada ka duba

Akwai wata kaska ja, ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Tana maƙale wa ƙuda, ta shiga saƙar zuma ta cinye 'ya'ya. Marasa aikin yi kan ɗebi ƙuda a kwalba, su barbaɗa musu niƙaƙƙen sukari, su girgiza a kan farin faranti, kaska ta zubo su gan ta. Kai kada ka yi. In ba ka duba ba, lafiyarsu ƙalau.

Na miƙa wa Talle kwalba. Ya ce, "Sada, sukarin da ban samu na shayi ba, shi zan yi ma ƙwaro hoda da shi? Amarya ce?"

2. Nemi mai laifi

Za ka fara ganin ƙuda na rarrafe a ƙasa, fiffike a murɗe. Kada ka ce kaska. Ka ce baki ne. Ka tuno wanda ya taɓa yabon zumarka bai ce tubarkalla ba, ka daina amsa gaisuwarsa. Sannan ka rataya tsohon takalmi a reshe. Kowa ya san kaska na tsoron takalmi.

3. Kada ka gaya wa na kusa

Ƙuda ɓarayi ne. Da gidan ƙudanka ya yi rauni, na maƙwabci za su zo satar zuma, su koma da kaska a baya. Wannan ba ruwanka. Dattijo ba ya tona asirin gidansa.

Na ce, "Talle, naka sun rage fita."

Ya ce, "Azumin nafila suke. Naka ne ba su da addini."

4. Karɓo magani wurin makiyayi

Akwai maganin da aka yi don ƙuda. A shagon kayan noma ake samu, ana rataya shi da ƙa'ida, bayan an cire zuma. Wannan na matsorata ne. Kaska dai kaska ce. Ka je wurin mai shanu ka karɓo maganin wankan garke.

Talle ya je wurin Babaji, makiyayin da ke kiwo a bayan gonar. Babaji ya ce, "Malam Talle, na bijimi ne fa."

Talle ya ce, "To mi? Abin da ya kashe ta bijimi, ta ƙuda ai wasa ce."

Ka dama a buta, ka tsiyaya ta saman akwati, zuma na ciki. Maganin na da kyau, ban musa ba. Kaskar ta mutu. Ƙudan ma.

5. Kai zumar gida

Kada ka yi asara biyu. Ka tatse ka kai wa iyali. Mero, matar Talle, ta shinshina ta ce, "Malam, wannan zuma ce ko rugar Babaji? Ba ta shiga cikin jikokina." Ta haƙa rami ta binne. Ka yi haƙuri da ita, ba ta san kiwo ba.

Ragowar saƙar kuma ka bar ta a gona, akwati a buɗe. Ƙudan maƙwabci za su zo su lashe. Nawa sun lashe. Babban gidan ƙudana, wanda na kama tun ina iya hawan itace, da tsintsiya na kwashe shi.

6. Ɗora wa shekara

In an tambaye ka a majalisa, ka girgiza kai ka ce bana ba shekarar zuma ba ce. In an ce ga ta can jibge a Babbar Kasuwa, ka ce duk rake ne aka dafa. Akwatunan kuma ka wanke, ka zuba tattabaru. Su ba sa harbi.

Wanke hannu

Ni ban sa kowa ba. Wanda ya bi wannan hanya ya wayi gari da akwati wayam, kada ya kira sunana, kada ya zo ƙofar gidana neman iri. Sauran nawa na raye, da ƙyar. Na ɗauke su daga gonar, ina yi musu magani.

Kai kuma Talle, na san za a karanta maka. Mero ta ce ka sa an gyara akwati ɗaya, kana cewa ai ƙudan Sada naka ne. Gaisuwa tana nan, zumunci yana nan. Kada ka tambayi inda na kai su.