Rasuwar Matakin Dama na Babur ɗin Rufa'i

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Rufa'i ɗan kabu-kabu na tashar Zurmi yake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar matakin dama na babur ɗinsa. Ya cika ranar Litinin da hantsi a garin Dauran, bayan shekara shida yana ɗauke da ƙafar maigidansa, bai taɓa cewa ta yi wari ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Don ƙafa aka ƙera shi, amma mutum sukutum aka ɗora masa. Daga Ƙaura Namoda zuwa Moriki, duk ramin da ya wangale baki sai Rufa'i ya miƙe tsaye, marigayin ya shanye jijjigar da ya kamata ta sauka a ƙugu. Da damina in gero ya kai, a kansa ake tsayawa a hango ko gaba lafiya, kuma fasinjoji da yawa sun kwana gida albarkacin wannan hange.

Sai dai babbar hidimarsa riƙon sirri ce. Akwai wata katanga a Dauran da Rufa'i ba ya wuce ta a zaune. Ya gaya wa kowa rami ne a wurin. Marigayin ya san hanyar nan sumul take. Ya san a bayan katangar, Salima ce ke daka, budurwar da Rufa'i ya shekara yana mutuwar so, amma ko sallama ya kasa yi mata. Ko birki bai taɓa jin zancen daga bakinsa ba.

Ciwon ajali ya fara ne da 'yar tsagewa. Sau biyu ana kai shi wurin mai walda, mai walda ya ce maganin ɗaya ne, a riƙa zama. Ina! Marigayin ya ci gaba da aiki yana nishi, “ƙiiƙ, ƙiiƙ,” babu mai saurare. Ranar Litinin Salima ta ɗago kai ta yi murmushi, Rufa'i ya ƙara ɗage. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce “ƙaras!” Rufa'i kuwa a cikin kuɓewar da Gwaggo, mai riƙon Salima, ta shanya a ƙofar gida ya tsinci kansa.

Ya rasu ya bar ɗan tagwayensa matakin hagu, da birki da giya, da Rufa'i mai ɗingishi da kunya.

Gawa tana hannun Gwaggo. Ta ce ta gaji da ganin kai yana yawo bisa katangarta ba gangar jiki, don haka ba za ta miƙa mamaci ba sai baffannin Rufa'i sun zo da goro, ta ƙofa, sun faɗi abin da ke tafe da ɗansu.

Za a karɓi gawa ranar Alhamis bayan azahar, a raka ta wurin 'yan gwangwan a Ƙaura. Ana roƙon baffanni, don girman Allah, kada su makara. Gwaggo ta riga ta yi magana da magini: la'asar na yi ba su iso ba, zai ƙara wa katangar layi uku.