Buhun Magarya Don Wankan Sani

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na bi bayan ubangidana muna neman sawun akuya, alhali na san babu akuyar da ta shigo. Ranar ce kuma aka binne ƙanena Sani, shi ya sa ko na so mantawa ba zai yiwu ba.

Ina aiki da wata ƙungiya mai kula da wani fili cikin kwari, a bayan Riyad. Wani dattijo ne ya bar filin wakafi, da sharaɗin ba gini, ba kiwo, a mayar da itatuwan ƙasar da suka ƙare. Mun kewaye shi da waya, muna dasa magarya da wasu itatuwan ƙaya, kowace da siririn tiyonta mai ɗigar ruwa. Aikina ban ruwa da gadi. Ko ganye ɗaya ba a tsinka a wurin. (Ni da na tashi a karkarar Maraɗi, inda magarya ke tsirowa ba wanda ya gayyace ta, sai ga ni ina renonta kamar jaririya. Na sha korar masu yawon shan iska don sun karya reshe za su dafa shayi.)

Sani yana shara a wani dogon bene a unguwar Ulaya, ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Suwaidi. Ciwon ƙirji ya kama shi a wurin aiki. Kafin in isa asibiti Allah ya karɓi abinsa. A nan gawar baƙo ba ta fita sai takardu sun cika, sai kafili, wato wanda ya kawo shi aiki ƙasar, ya sa hannu, sai wane da wane sun sa. Kwanaki suka yi ta wucewa yana kwance cikin sanyin ɗakin ajiye gawa, ni kuma ina zuwa aiki, don zaman ɗakin ya fi ƙarfina.

Inna ba ta yi kuka a waya ba. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.

"Kai," ta ce, "tunda ba za a kawo shi gida ba, abu ɗaya nake so. A wanke shi da magarya, yadda aka yi wa mahaifinku."

"In sha Allahu, Inna."

"Ba na fatar baki ba. Ka gani da idonka."

Da hantsin ranar aka bugo mini cewa takardu sun fito, za a yi wanka da azahar, a sallace shi bayan la'asar. Ban taɓa shiga wurin wankan gawa a ƙasar nan ba. Na ce a raina, cikin wannan birnin na gilashi ina za su samu ganyen magarya? Ban tambayi kowa ba. Manyan itatuwan suna can ƙuryar kwari, da nisa. Kusa da ƙofa kuwa akwai layin ƙanana da 'yan sa-kai suka dasa da hannunsu, tsayinsu bai wuce ƙuguna ba. Na ɗauki buhun shinkafa da ba komai a ciki, da niyyar in tsinki kaɗan a jikin kowace.

Ban san lokacin da hannuna ya ƙwace mini ba. Ƙaya tana yanka na, ban ji ba. Da na ɗaga kai, layin nan duka ya zama kamar kajin da aka fige.

Na ɓoye buhun bayan ɗakin gadi ke nan sai ga motar Abu Nasir, mudirinmu, wato shugaban aikin. Mutum ne mai faɗa, amma ba mugu ba, kuma itatuwan nan su ne ransa. Ya fito, ya dafe kai.

"La haula! Awaki sun shigo! Kana ina, ya sadiƙ? Yalla, mu nemo inda suka fasa waya."

Haka na bi shi, hannuwana cikin aljihu don kada ya ga jini. Yana tafe yana tsine wa awaki da masu su.

"Ka ga sawu?"

Na durƙusa na ƙura wa yashi ido kamar tsohon maharbi.

"Iska ta share, ya mudir."

(Allah ya yafe mini, har na nuna masa wani wuri na ce kamar nan wayar ta ɗan saki. Ya jijjiga ta, tana nan daram.)

Da rana ta ɗaga na ce masa ina neman izini, yau za a binne ƙanena. Ya tsaya cak.

"Yau? Kuma kana nan kana neman akuya? Allah ya girmama ladanka. Shiga mota, ni zan kai ka."

Mai hankali da ya bar buhun a inda yake. Amma maganar Inna tana kunnena. Na ɗauko shi na jefa a bayan mota. Ya tambaye ni mene ne, na ce kayan mamaci ne.

Ɗakin wankan yana jikin wani babban masallaci. 'Yan uwanmu mutanen Maraɗi da Damagaram suna tsaye a ƙofa. Mai wankan wani tsoho ne mai farin gemu. Abu Nasir ya naɗe hannun riga ya shigo don ya taya mu ɗauka. A gabansu duka na kwance bakin buhu, ya kife, ganye ya watse a kan tayil, ƙanshinsa ya cika ɗakin.

Tsohon ya dubi ƙasa, ya dube ni.

"Wannan fa?"

"Magarya ce, ya shaihi. Ta wanka."

Ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da wani gwangwani, ya buɗe mini. Garin magarya ne, busasshe, an niƙa shi luƙui.

"Ɗana, ba ma wanke kowa sai da ita. Ɗan kaɗan ya isa. Wannan buhun naka, unguwa guda ce ta rasu?"

Wani cikin mutanenmu ya ƙyalƙyale, ya mayar da ita tari. Abu Nasir ya sunkuya ya ɗauki ganye ɗaya, ɗan ƙarami, ɗanye shar. Ya juya shi. Sannan ya dubi hannuwana. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ga Sani kwance an rufe shi, siririn mutum, ga ni tsaye cikin ganye har idon sawu.

"Uwarmu ce ta ce..." Iyakar abin da ya fita ke nan.

Tsohon ya rufe gwangwaninsa, ya damƙi ganyena cikin tafi ɗaya, ya murtsuke shi cikin ruwa har ya yi kore ya ɗan yi kumfa.

"Zo ka zuba da hannunka," ya ce.

Na zuba. Sauran ganyen ni na share shi da tsintsiyarsu, mutane suna tsallake ni.

A hanyar komawa daga maƙabarta Abu Nasir ne ya ɗauko ni a motarsa. Sai da muka kusa Suwaidi ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Da ka tambaye ni, da wurin babbar itaciya zan kai ka. Da ni zan riƙe maka reshen."

Bai kore ni ba, bai gaya wa 'yan sa-kai ba. Amma zafi ya shigo ya tarar da ƙananan nan tsirara. Wasu sun sake toho, da yawa ba su sake ba. Ni aka sa na tuge busassun, ɗaya bayan ɗaya, na haƙa wa sababbi rami.

Da na kira gida a yammacin binnewar, Inna tambaya biyu ta yi.

"An yi da magaryar?"

"An yi, Inna. Ni na zuba."

"Ta ishe shi?"

"Ta ishe shi, Inna."

Ban ƙara mata komai a kai ba. Abin da na koya dai shi ne baƙin ciki bai san awo ba. In ya aike ka, tsaya ka tambayi wanda idonsa yake a bushe nawa ake bukata, don shi kullum buhu zai miƙa maka.