Yatsu Huɗu Tsakanin Barcelona da Oslo

Allah ya yi wa garinmu Kharian, a ƙasar su Lahore, baiwa da Chaudhry Basharat, wanda muke kira Ministan Sararin Samaniya. Bai taɓa hawa jirgi ba, amma sau biyu yana raka ƙaninsa filin jirgin Lahore, kuma a wurinmu wannan ya isa digiri. Kowane gida a nan yana da ɗa a Turai, shi kuwa Chaudhry Turai ɗin ce gaba ɗaya a aljihunsa.

Fadarsa shagon shayin Ghafur, inda wata tsohuwar taswira take manne a bango. Mu ne fadawan. In ya murza gashin baki, mu gyara zama kamar za a raba gado.

Da Shafqat, ɗan baffana, ya sami aiki a Barcelona, sai Inna Rasulan ta zo shagon da kwalbar tsimin ɗanyen mangwaro, wai ya kai wa ɗanta. Ɗanta yana Oslo, rabonta da shi har ta daina lissafi, kuma burinta guda: ya ɗanɗani na hannunta ranar Sallah.

"Chaudhry, wai da nisa?"

Ya tashi da ƙyar saboda tumbi, ya ɗora hannu a taswira.

"Inna, duba da idonki. Yatsu huɗu! A jirgi, kafin shayi ya huce an sauka. Mutanen can a Barcelona suke karin kumallo, su wanke hannu a Oslo."

Muka ce, "Tabbas!" Har da ni, wallahi, da ƙarfi ma. Kafin dare duk mai ɗa a Oslo ya kawo saƙo. Shafqat ya tafi da kwalbar Inna, man shanu, barguna biyu da takalman wani ango.

Ana jibi Sallah ya kira waya daga Barcelona, muna shagon, muryarsa har titi.

"Ku ce wa Minista awa uku da rabi ne a sama! Kuma maigidana ya ce in na tafi kar in dawo. Wane munafukin ne ya auna?"

Muka juya ga taswira. Ghafur ya sosa ƙeya.

"Ai tun shekarar ambaliya akuya ta cinye tsakiyarta, sai na haɗa sama da ƙasa na liƙe."

Faransa da Jamus ke nan a cikin akuya. Mu kuma shekara da shekaru muna kallon bangon nan muna gyaɗa kai, ba wanda ya tambayi ina Paris ta shiga. Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Chaudhry ko gezau. "Lissafina daidai ne. Faransa ce ta yi shisshigi."

Ranar Sallah, bayan an sauko Idi, sai ga Inna Rasulan, idonta jawur. Ta dire sabuwar kwalba a gabansa, ta tura masa kofinsa.

"Ga shi, Minista. Kai wa ɗana. Zan tsare maka shayin kar ya huce."