Hantar Anaruwa a Gaban Majalisa

A wani daji da ke kwance tsakanin tudu da fadama, akwai wani tafki da ake kira Tafkin Jema, saboda ciyawar jema da ta zagaye shi tun kaka da kakanni. Kwaɗi ne mazauna tafkin. Ba su da ƙaho, ba su da haure, ba su da kujera a majalisar daji, amma suna da aiki guda da kowa ke amfana da shi: su ne masu shelar damina. In Anaruwa, sarkin waƙarsu, ya buɗe maƙogwaro, ko kurma ya san lokacin shuka ya yi.

Majalisar dajin kuwa a gindin wata ɗorawa take zama, Giwa ce shugaba. Ba azzaluma ba ce, kada in ɗauki alhakinta. Sai dai majalisar na da wata doka da take alfahari da ita: ba a karɓar ƙara sai mai ƙara ya nuna rauninsa kowa ya gani. An kafa ta ne tun zamanin da Biri ke kawo kukan ciwon kai duk ranar aikin gayya, kuma ta yi amfani. Gani ya kori ji, in ji su. Wanda aka karya ya nuna ƙafa, wanda aka fige ya nuna fiffike. Ba wanda ya taɓa kawo mai ciwon ɓoye a ransa.

Wata shekara aka yi fari, yunwa ta shiga dajin har ana ƙirga haƙarƙarin Ɓauna daga nesa. Da aka tsira, sai aka naɗa wani Gyado mai suna Nomau Sarkin Noma, aka ce ya yi duk yadda zai yi kada a sake ganin irin wannan shekara. Nomau da kansa ya binne 'ya'ya biyu a yunwar nan, don haka bai ɗauki aikin da wasa ba. Ya tafi garin mutane ya dawo da takin zamani fari fat kamar gishiri, da maganin ciyawa, da maganin ƙwari, da tulun feshi. Ya dubi jemar da ke tsakanin gona da tafki, ya ga ƙasa ce mai kyau tana zaman banza, ya sa aka tumɓuke ta aka ja kunya uku a wurin. In an gama feshi kuma, a bakin tafkin ake wanke tulun, don nan ne ruwa ya fi kusa.

Masara ta yi, shinkafa ta yi, rumbuna suka cika. Kowa na sa wa Nomau albarka, har da kwaɗin.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Jemar nan da aka raina ita ce ke tare ruwan gona, ta riƙe dauɗarsa kafin ya gangara. Da ta tafi, duk abin da aka zuba wa gona sai ya sauko tafki kai tsaye. Kwaɗo kuwa ba da baki yake shan ruwa ba, fatarsa ce ke sha masa. Abincinsa ƙwari, ƙwarin kuma sun sha feshi. Na fata da na baki duk hanta suke nufa, ita ce rariyar jiki, tana tacewa ba ƙorafi har ranar da ta gaji.

A rani na uku Anaruwa ya kwanta. Shi da a da yake tsallake bayan Gyado don wasa, ya koma jan ciki. Cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, ƙuda ya sauka a hancinsa bai iya miƙa harshe ba. Ba shi kaɗai ba, duk kwaɗin da ke ɓangaren gona haka suka koma. Matarsa Marka kuwa tana ɗauke da ƙwai. Bara ta zuba ƙwai cikin tafkin, talibambam suka ƙyanƙyashe, ba ko ɗaya da ya kai ga fitar da ƙafa. Yanzu ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ta kuma san ruwan farko shi ke wanko duk abin da noman rani ya bari a ƙasa. In ba a mayar da jema ba, na bana ma sun bi na bara.

Ta ɗauki mijinta a baya, ta kai shi gindin ɗorawa. Sai da aka gama da ƙarar Zomo da aka taka wa kunne, sannan aka ce ta matso.

“Ranki ya daɗe,” in ji Marka, “ban zo zagin gona ba. Mu ma mun ga yunwa, mun ga waɗanda ta kwashe. Abu biyu nake roƙo: a mayar mana da jemar da aka cire, a kuma daina wanke tulun feshi a inda muke haihuwa. Ruwanmu ya canza. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga maigidana nan, wanda ke yi muku shelar damina, yau ko sallama ba ya iya amsawa. Ciwon a hanta yake.”

Giwa ta sunkuyo cikin tausayi ta ce, “Sannu, baiwar Allah. To, nuna mana raunin.”

“A ciki yake, ranki ya daɗe.”

Aka kira Bushiya, likitar majalisa. Ta zagaya Anaruwa sau uku, ta ɗaga ƙafarsa, ta leƙa bakinsa, ta ɗan ƙwanƙwasa cikinsa. Sannan ta gyara murya ta ce, “Babu karaya, babu ƙuna, babu jini. Abin da na gani shi ne tumbi. Shekara uku da suka wuce wannan bawan Allah kamar tsinke yake, yau ga shi ya yi ƙiba har tsalle na yi masa wuya. Wannan ai albarkar noma ce ta kai har cikin ruwa.”

Majalisa ta ɗauki tafi. Wasu har suka zo suna yi wa Marka barka.

Nomau ya miƙe, ya yi magana ba da faɗa ba. “Marka, wallahi ba na ƙinku. Amma kunya ukun nan abincin gida goma ne. In na tumɓuke su a kan abin da ba wanda ya gani, me zan gaya wa gidajen? Na taɓa haƙa rami da haurena na sa ɗana a ciki. Ba zan sake ba a kan ji-ta-ji-ta. Ki kawo abin da ido zai gani, ni ne na farko da zan ɗauki fartanya.”

Giwa ta ce doka doka ce, aka kira na gaba.

A hanyar komawa Anaruwa ya sa ta tsaya a inuwar wani gawo. Ya daɗe yana haki kafin ya ce, “Marka, gaskiyarsu ce, ba su gani ba. Ni kuwa ba zan kai ruwan farko ba, jiki magayi. Duk dajin nan mutum ɗaya ne ya san yadda hantar kwaɗo take. Ki je ki kira Zalɓe.”

Marka ta sauke shi ta zuba masa ido. Zalɓe, dogon tsuntsun da ke tsayuwa da ƙafa ɗaya a bakin ruwa, shi ya cinye ƙanwarta da kawunta biyu.

“Malam, ciwon ya taɓa maka kai ne?”

“Kaina lafiya lau. In na cika, ku kai ni gindin ɗorawa, ya buɗe ni a gabansu. Da ma jikin nan na ƙasa ne. Gara ya biya ta majalisa kafin ya tafi.”

Ta yi kuka har ta gode Allah. Abin da ciwo, a ce sai miji ya mutu kafin a yarda ba shi da lafiya. Amma ƙwan da ke cikinta ba su san jira ba, sai ta share hawaye ta nufi inda Zalɓe yake, ta tsaya nesa da bakinsa ta gaya masa. Zalɓe ya sauke ɗaya ƙafar, abin da ba ya yi wa kowa, ya ce, “Zan zo. Ni ma abin ya daɗe yana damuna, sai dai irina ba ya kai ƙara a kan abinci.”

Kwana huɗu bayan haka Anaruwa ya rasu da hantsi. Kwaɗi suka ɗora shi a ganyen bado, suka kai shi majalisa, Zalɓe na biye a baya. Da aka ba shi izini sai ya ce:

“Ranki ya daɗe, ba abin alfahari ba ne, amma shekara goma sha ɗaya ina cin kwaɗi. Kwaɗon tudu, inda ba gona, hantarsa ƙarama ce, jajir, sumul. Na wannan tafki ma da haka suke. Tun da aka cire jema suka fara canzawa, har na daina cinsu, don ɗaci. Ba sai kun yarda da ni ba. Ga shi ku gani.”

Ya sa bakinsa a hankali, kamar mai ɗinki, ya buɗe cikin Anaruwa. Hantar ta cika cikin gaba ɗaya, ta kumbura, ta koɗe ta yi fari-fari, ga ɗigo-ɗigon baƙi ko'ina, ga ruwa ya taru a gefenta. Tumbin da aka yi wa tafi ke nan. Bushiya ta dunƙule ta ɓoye fuska. Giwa ta zubar da hawaye, na gaske, har suka jiƙa ƙasa.

Dattawan majalisa suka keɓe suka yi shawara mai tsawo, sannan Giwa ta karanta hukunci.

“Majalisa ta gani, ta kuma yarda: Anaruwa ba shi da lafiya. Mun karɓi ƙararsa, Allah ya jiƙansa. Za a daina wanke tulu a gaban gidansa. Amma rauni ɗaya aka nuna mana, ba za mu yi hukuncin dubu a kan ɗaya ba, kada mu buɗe wa Biri ƙofa. Saboda haka za a mayar da jema a bakin tafki daidai tsawon tsalle ɗaya na mai raunin. Duk kwaɗon da ya nuna nasa raunin kamar yadda wannan ya nuna, shi ma za a dasa masa nasa tsallen. Ƙofar majalisa a buɗe take ga kowa.”

Bushiya ta leƙo ta tuna wa majalisa cewa tsallen marigayi na ƙarshe, da ta auna da kanta, bai wuce faɗin ganyen gawo ba. Aka fara gyaɗa kai. Sai Nomau ya tako gaba.

“Ba da wannan za a auna ba,” ya ce. “Hukunci ya ce tsallensa, bai ce na yaushe ba. Ni na san Anaruwa tun yana tsallake bayana ina tsaye, ya dira can gaban wutsiyata yana dariya. Da wannan zan auna. Wanda bai yarda ba ya zo ya nuna mini rauninsa.”

Ba wanda ya zo. A ranar Nomau ya ɗauki fartanya ya tumɓuke masararsa, ya auna tsallen, ya ɗan ƙara kaɗan da ya ga ba mai kallo, ya dasa jema saiwa-saiwa. Tulun feshi kuwa ya koma wanke shi a wani rami can bayan gona. Sauran gaɓar ba shi da iko a kanta, sai da hukunci. Da zai tafi ya tsaya gaban Marka ya ce, “Ki yafe mini.” Ta ce, “Allah ya yafe mana baki ɗaya.”

Ruwan farko ya sauka ba shela. Da yawa ba su yi shuka a kan lokaci ba, suna jiran waƙar da ba ta zo ba. Marka ta zuba ƙwanta a ɗan lungun da ke bayan jemar mijinta, inda ruwan ya fi sauƙi. A cikin ɗaruruwa, bakwai suka fitar da ƙafa. Ta tsare su a lungun nan, ta hana su leƙa ko'ina, kullum tana gaya musu iyakar tsallen ubansu ita ce iyakar duniya.

Sauran kwaɗin kuwa suka riƙa bin doka, ɗaya bayan ɗaya, a kan ganyen bado. Majalisa ba ta taɓa saɓa alkawari ba, kowa ya nuna aka dasa masa.

Masu wucewa ta wajen sun ce jema ta kusa zagaye tafkin yanzu, ruwan ya washe garau, kuma Giwa kan yaba wa kwaɗi a kowane zama, wai ba ta taɓa ganin al'umma mai kawaici irinsu ba.