Yadda Malam Sallau Ya Kama Bakinsa

A garin Rafin Ɗinya akwai wani gida mai zaure ɗaya da sassa biyu. Sashen gabas na Malam Sallau ne da matarsa Tabawa, na yamma kuma na ƙaninsa Nomau, wanda bai yi aure ba tukuna. Tsohuwarsu, Inna Kande, tana ɗakin tsakiya. 'Yan'uwan nan duka malamai ne a makarantar koyon sana'a ta garin, Sallau yana koyar da gini, Nomau yana koyar da haɗa wayar lantarki. Shi Sallau mutum ne mai ɗaukar magana yadda ta fito daga baki, ba ya juya ta. Koyarwarsa kuwa ita ce ya zana bulo a allo, ya yi ta bayani har a buga ƙararrawa. Ɗalibansa sun shekara ba su taɓa cokalin gini ba, suna ta zamewa ɗaya bayan ɗaya suna komawa ajin Nomau.

Abin ya ƙara ɓaci da aka tura Nomau bita a birni, inda ake koya wa malaman sana'a sababbin dabarun koyarwa. Ya dawo da jaka mai tambari, Inna Kande ta rataye ta a ƙofar ɗakinta, duk wadda ta shigo sai an nuna mata. Sallau ya daina wucewa ta nan, sai ya zagaya ta bayan rumbu. Ya gaya wa Tabawa cewa shi ma zai iya duk abin da yaron nan ya koyo, amma ba zai tambaye shi ba, don shi ya goya shi.

Wata rana Sallau ya laɓe a bayan katanga, ya ji Nomau yana gaya wa abokinsa cewa babban abin da aka koya musu shi ne, ɗalibi ba ya iya sana'a sai ya sa hannu a aikin. Da safe Sallau ya kwaɓa siminti da yashi a kwanon sarki, ya jera yara, ya ce kowa ya tsoma hannu kada ya cire. Shi kuma ya koma allo ya ci gaba da zanen bulo kamar kullum. Kafin a tashi hannuwan yara sun yi fari, sun tsattsage. Washegari iyaye suka cika ofishin shugaban makaranta, Malam Barau, wata uwa tana cewa ɗanta ko tuwo ya kasa gutsura. Sallau ya ce shi dai dabarar birni ya bi, in akwai laifi a tambayi wanda aka tura.

Wata rana kuma ya leƙa ta tagar ajin Nomau, ya tarar da yara rukuni-rukuni suna haɗa ƙwan lantarki, suna dariya. Ya ji Nomau yana ce musu kowane rukuni su haɗa kai. Zuciyar Sallau ta yi zafi, don shi ba a taɓa dariya a ajinsa ba sai in ya juya baya. Ya koma ya raba nasa yaran, ya sa kowane rukuni suka durƙusa suka manna goshi da goshi. Wanda ya ɗago sai ya danna masa ƙeya. Zufa ta yi ta zuba, wasu biyu suka fara tunkuyi kamar raguna har aka raba su. Ashe ɗaya daga cikin yaran yana da makero, ciwon fatar kai mai yaɗuwa. Ba a jima ba rabin aji suka zo da ƙwal-kwabo, wanzamin garin har ya aiko wa Sallau da gaisuwa.

Malam Barau ya kira shi ofis, ya yi masa nasiha a hankali. Ya ce ma'aikatar ilimi tana shirin rufe ajin gini saboda ƙarancin ɗalibai, in an rufe kuwa ba shi da aiki.

"Malam Sallau, ka ajiye girman kai, ka bi sawun ƙaninka," in ji shi.

Wata rana bayan sallar azahar Sallau ya sami sawun takalmin Nomau a ƙofar ofis, ya sunkuyar da kai ya bi. Sawun ya shiga ɗakin gwaji, inda Nomau ya bar yara suna kwance tsohuwar fanka suna mayarwa. Sallau ya ratsa ta tsakiyarsu bai ga komai ba, idonsa na ƙasa. Sawun ya fita, ya bi ta kasuwa, ya tsaya wurin mai tsire, ya lanƙwasa wani lungu, ya shige wani zaure. Gidan su yarinyar da Nomau ke nema ne a ɓoye. Mahaifinta ya ga yayan saurayi da kansa, kai sunkuye, ya ɗauka kunya ce ta mai neman iri. Ya shimfiɗa tabarma, ya kira 'yan'uwansa. Aka tambayi Sallau abin da ke tafe da shi, ya ce sawun ƙaninsa ya biyo. Dattawa suka ce ai magana ta fito, sun ba Nomau yarinyar. Inna Kande ta yi guɗa har muryarta ta dushe, Sallau kuwa ya ƙi cin abinci, don ya ga da ƙafarsa ya je ya ƙaro wa Nomau wani alherin.

Wata rana labari ya zo cewa jami'ar ma'aikata, Injiniya Asabe, za ta zo duba azuzuwa, kuma abin da ta rubuta shi za a bi. Malam Barau ya sa aka jibge bulo da yashi da siminti kusa da katangar makaranta da ruwa ya rusa, don a ga alamar ana aiki. Ya ja Sallau gefe.

"Don Allah in ta zo ka kama bakinka. Kada ka ja mana abin kunya."

Ran da Injiniya Asabe ta zo, ajin Nomau ta fara shiga. Shi kuwa saboda ɗoki ya karɓe aikin daga hannun yara, ya yi ta zuba bayani, yana haɗa wayoyi da kansa. Da ta iso wajen katanga sai ta tarar da Sallau tsaye gaban ɗalibansa, ya kama leɓɓansa da hannu biyu. Ba halin magana, ba halin riƙe alli. Yara suka yi ta jira, shiru. Da suka gaji da tsayuwa, ɗaya ya ɗauki shebur ya fara kwaɓi, wani ya ja igiya, saura suka shiga miƙo bulo. Layin farko ya karkace. Sallau ya gani, idanunsa suka firfito, ya yi gurnani, ya nuna wurin da ƙafa. Yara suka tsaya suna gardama a kan abin da yake nufi, har wata yarinya ta tsuguna ta hango cewa igiyar ce ta saki. Suka rushe, suka ɗaure ta da kyau, suka sake. Layi na biyu ya miƙe sambal, suka yi ta murna kamar sun gina bene.

Injiniya Asabe ta daɗe tana kallo. Ta gaya wa Malam Barau cewa abin da ta sha wahalar cusa wa malamai a bita ke nan: malami ya rage surutu, ya bar ɗalibi ya yi kuskure ya gano da kansa. Ta tambayi Sallau inda ya koyo wannan. Bai amsa ba, don ba wanda ya ce ya saki bakin. Ta ce ga shi kuma ba ya son yabon kai. Ta rubuta cewa a bar ajin gini, a kuma turo Malam Sallau bita ta gaba ya nuna wa sauran malamai.

Da yamma Nomau ya zauna a gindin rumbu, tuwonsa ya huce bai taɓa ba. Tunda yake bai taɓa jin kishin yayansa ba sai ran nan. Daga baya ya daure ya shiga sashen gabas, ya tsuguna.

"Yaya, mene ne sirrin?"

Sallau ya gyara zama, ya dube shi da tausayi. "Ka kama bakinka."

Nomau ya miƙe fuu, ya fice, har ya yi tuntuɓe da butar alwala. Sallau ya juya wajen Tabawa, ya girgiza kai.

"Kin ga yaron nan? Ilmin gaba ɗaya na ba shi, ban rage komai ba, amma ko godiya. Allah dai ya raba mu da hassada."

Tabawa ta ce amin, ta ɗauki kwanuka ta yi waje da sauri, don kada dariyar ta kuɓuce mata a gabansa.