Ɗan Jakin Mai Fenti

"Lafiya lau muka tashi, sai dai kewar matata da aka aika sayen tabarau ta ɓige da yawon duniya," in ji Bahago, bai ko ɗago kai daga wayarsa ba.

Bahago tsohon mai aski ne. Da hannun hagu ya yi shekara arba'in yana riƙe almakashi, har laƙabin ya danne sunansa na gaskiya. Shekara huɗu ke nan da ya rufe shago, tun da hannun ya fara rawa. Kujerar askin kaɗai ya taho da ita gida, ya kafa ta a falo kusa da taga, kuma daga kanta yake yanke wa duniya hukunci. Wadda ta shigo jikarsa ce, malamar kimiyya a makarantar sakandare, wadda yake kira Amarya tun tana rarrafe.

"Wace matar taka?" ta ce. "Ni na ce maka zan auri mutumin da haƙoransa ke kwana a kofi?"

"Su suna samun hutu, ba kamar bakinki ba. Miƙo saƙona."

Abu biyu ta ajiye a kan tebur: gidan tabarau da kwalbar ruwa. Bahago ya kau da kai daga kwalbar, don ya san abin da ke ciki. Mako biyu ke nan rijiyoyin unguwar suna fitar da ruwa mai shuɗi-shuɗi da warin kananzir, ƙuraje sun feso wa yara. Jiya rediyo ta ce dagwalon kamfanin fenti na bayan unguwa ne ke tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa. Yau da ƙarfe sha biyu jami'an lafiya za su zauna a makarantar firamare, kuma suna son shaidar wanda ya san ruwan tun kafin a gina kamfanin. A cikin masu wannan shekarun, Bahago kaɗai ya rage da ƙafa da hankali a lokaci guda.

"Tashi ka sa riga, Kaka. Saura awa ɗaya."

"Ba inda za ni. Zo ki ga mutumin da kike so in je in tona wa asiri."

Ya juyo mata wayar cike da murna. Ga Mai Fenti, mai kamfanin, durƙushe a bakin titi cikin fararen kaya, yana shayar da wani ɗan jaki maraya madara da kwalbar jarirai, yana share hawaye. A ƙasa an rubuta cewa yau da safe ya tsince shi a hanyarsa ta zuwa ofis. Sau tara Bahago ya kalli bidiyon. Da yake ba shi da tabarau, wani farin abu yake gani kusa da wani abu mai ruwan toka, amma zuciyarsa ta cike sauran.

"Mutum dubu ɗari biyu sun danna masa zuciya," ya ce. "Mai tausayi irin wannan zai zuba guba a rijiya? Shekara talatin kan mutumin nan yana hannuna. Na san abin da ke cikinsa."

"Gashin ka sani. Ciki ba ka taɓa leƙawa ba."

"Kishi kike da jakin, don ya fi ki farin jini."

"Ni abin da ke ba ni mamaki, marayun dabbobi ba sa fitowa hanyarsa sai ranar da rediyo ta ambaci sunansa. Lokacin da rufin sito ya rufta kan leburorinsa, wane bidiyo ya saka?"

"Koyon keke. Sau biyu ya faɗi, ya tashi yana dariya. Mutum mai sauƙin kai."

"Kwana nawa aka yi ana zancen keken?"

"Mako guda cur."

"Leburorin fa?"

Bahago ya laluba leburorin a ransa bai same su ba. "Sun warke mana, tunda ba a sake maganarsu ba. Ke dai boko ya ɓata ki, ko jariri ya yi miki murmushi sai kin nemi dalili."

Ya buɗe gidan tabarau don ya kashe zancen, sai ya tsaya. Tabarau ne jajaye, masu ɗan ado a gefe.

"Wannan ai na mata ne."

"Shi kaɗai ya rage a lambar idonka. Mai shagon ya ce daga wannan lambar sai sanda."

Ya saka, ya ƙare mata kallo daga sama har ƙasa. "Ashe haka kike? Na fasa auren. Shekara da shekaru ana cutata."

"Ka taimake ni."

Ya sake kunna bidiyon, karo na goma, kuma na farko da ya ga abin da ke ciki. Ya ga gashin idon jakin. Ya ga madarar tana gangarowa. Sai mai ɗauka ya zagaya ta bayan Mai Fenti daidai lokacin da ya sunkuya, ƙeyarsa ta cika fuskar wayar.

"Tsayar. Tsayar nan. Ƙara masa girma."

Ta ja hoton da yatsu biyu. Bahago ya miƙe tsaye, abin da bai saba yi ba sai da dabara.

"Askina ne, Amarya. Dubi layin ƙeya yadda ya ɗan karkata hagu, duk garin nan hannuna kaɗai ke fitar da shi haka. Ga kuma bayan kunnen dama, inda nake barin ɗan gashi ya rufe masa tabo. Yaran yanzu da injinsu sai su kwashe duka. Kira mini maƙwabta. Mutum dubu ɗari biyu sun ga aikina."

Ba ta kira kowa ba. Ta zauna a hannun kujera, ta naɗe hannuwa irin yadda take yi wa ɗalibai.

"Ikon Allah. Kwanan askin nawa, a ganinka?"

"Bai kai uku ba. Dubi kaifin layin."

"To, yaushe ka rufe shago?"

Bahago ya ƙirga shekara huɗu da yatsu. Ya koma kan kujerar a hankali.

"Wataƙila gashin ne ya daina tsiro, don girmama ni."

"Wataƙila."

Amma idon mai aski ba ya daina aiki don mai shi ya so. Ba furfura ko ɗaya a gefen kan. Kuma a watan jiya, kafin tsohon tabaraunsa ya fashe, ya ga Mai Fenti ya wuce a mota, sanƙo ya cinye masa tsakiyar kai, wani mara imani ya yi masa ƙeya kamar an sare da adda. A bidiyon kuwa gashi ne cunkus.

"Jakin nan," ya ce, "yanzu ya isa jan amalanke. Ƙila ma yana da iyali."

"Kuma yau da safe aka tsince shi."

"Wato ɗauka aka yi aka ajiye, kamar laima, ana jiran ranar da za a yi ruwa." Ya ture wayar gefe. "Allah kaɗai ya san ko nawa ne irinsa a ajiye. Ƙila akwai kunkuru yana jiran ranar da kamfanin zai kama da wuta."

Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne da hannunsa ya gyara kan da aka yaudare shi da shi. Ya ja kwalbar ruwan gabansa, ya ɗaga ta saitin taga. Da sabon tabarau shuɗin ya fi yadda yake zato.

"Da ruwan rijiyar nan nake haɗa kumfar aski tun babanki bai san hanyar makaranta ba. Garau yake, ba a taɓa samun wanda ya yi ko ƙurji ɗaya ba. Ɗauko mini rigata mai aljihu biyu."

"Au, ka fasa kare mai tausayi?"

Dariya ta ƙwace masa, ya yi ta har da tari. "Kin ci, 'yar banza. Kin ci."

Ya jawo durowa, ya fito da ɗan madubin hannu, irin wanda masu aski ke riƙe wa mutum ta baya idan an gama, ya miƙa mata.

"Riƙe, naki ne. Yau ke kika nuna mini ƙeyata."

"Tsagagge ne fa, Kaka."

"Daidai ke nan da amaryar." Ya zura hannu a riga, ya nufi ƙofa, sannan ya waiwayo. "Amma ki ajiye mini hoton ƙeyar nan a waya. Mutumin ya yi ƙarya, askin bai yi ba."