Tabarmar Sallar Yagana

Ba zan taɓa mantawa ba, ranar sunan jikata ce a Birni. Akwai Falmata matar ɗana, mai jegon. Akwai uwarta Yagana da ta zo daga Dogo. Akwai 'yan matan unguwa masu girki. Sai ni, mai sa wa kowa ido.

Ni ce mai duba diddigen mai alwala, ni ce mai mayar da kwano in bai wanku ba. Abin da ba wanda ya sani, tun haihuwata ta ƙarshe mahaifa ta sauko mini. Kullum da nauyi a ƙasana, in na yi tari ko na ɗaga kaya fitsari ya kuɓuce. Tsumma nake ɗaurawa in yi shiru. (Wa zan gaya wa? Kowa tsorona yake ji.)

Ranar na ga 'yan mata suna fama da tukunyar shinkafa. Na ce, "Ku kauce, 'yan yanzu ba ƙwari." Na sauke ta ni kaɗai. Nan take na ji abin ya zazzago, ɗumi ya bi cinyata. Na lallaɓa na zauna a tabarmar da ta fi kusa.

A zaune na ci gaba da ba da umarni har la'asar. Mata na can gefe suna shewa, ba wadda ta ce, "Iya, lafiya?" Sun ɗauka fushin nawa ne na kullum.

Sai ga Yagana da alwalarta. "Yaya, ɗan gusa mini, tabarmar sallata ce."

In na yi shiru, baiwar Allah za ta yi salla a kan najasa, alhakin a wuyana. Na ce, "Nemi wata. Na ɓata wannan."

Yagana ta cire mayafinta ta rufa mini ta baya, ta raɗa mini, "Tawa mahaifar ma ta sauko. A matarnite, asibitin haihuwa, suka sa mini wani zobe, ya tare ta. Tun safe na lura da tafiyarki, tsoron bakinki ya hana ni magana."

Ashe duk shekarun nan, masu magani nake kora da harara.

Washegari na wanke tabarmar na shanya, na bi lungu ni kaɗai zuwa matarnite. Ungozomar yarinya ce sa'ar Falmata, gashinta rabi a waje. Ta ce, "Iya, hau gado ki yi tari."

Na yi tarin. Ban ce mata ta gyara ɗankwali ba.